Daga Zawiyoyin Yaman Zuwa Teburin Mai Shayi: Tarihin Gahawa

  



Da aka nemi mu ɗaliban ƙungiya kowa ya kawo ɗan rubutun tarihi don wannan littafi na tunawa, na ce ni a kan gahawa zan yi nawa. Sai wani abokina ya fashe da dariya, ya ce: "Kai ko! Duk tarihin da ag ga duniya ka rasa na rubutawa sai na teburin mai shayi?" Ban ga laifinsa ba, don ni ma da can haka nake gani. Sai da na ci karo da labarin cikin karatuna a jami'a na gane ashe wannan baƙin ruwa da muke kurɓa da safe Musulmi ne suka fara dafa shi, kuma don ibada suka fara. An kai shi gaban malamai a Makka, an yi masa shari'a, an ƙone shi a titi, daga baya aka bar mutane suka ci gaba da sha. Tambayoyin da aka yi a kansa shekara 500 da suka wuce, su ne ke gabanmu yau a fadojinmu. Ku biyo ni a hankali.

Suna ukku, abu guda

Ka je tashar Konni bayan sallar asuba. Direbobin kamiyo masu lodin albasar Galmi ko simintin Malbaza, da ƴan kabu-kabu, da leburori, duk suna kan bencin mai shayi, za ka ji ana cewa a ba ni kafe da madara. Ka tsallaka iyaka zuwa Illelar Najeriya, can kofi ake cewa. Ka shiga zauren wani dattijo da ya daɗe a Makka, shi kuwa gahawa zai ce, ya zuba maka ita a ɗan finjali, ya turo maka dabino.

Duk sunayen nan ukku uwarsu ɗaya, ita ce kalmar Larabci ƙahwa. Turkawa suka karɓa suka ce kahve, ƴan Italiya suka ce kaffe, Faransawa suka ce kafe, su kuma suka kawo mana shi zamanin mulkin mallaka. Mutanen Holan suka ce kofi, Ingilishi suka ara daga gare su, suka kai Najeriya. Ita kuwa gahawa ba ta bi ta Turai ba sam. Ku lura da wani abu: kalmomin Larabci da suka shigo Hausa ta hanyar allo da littafi, harafin ƙaf yakan fito ƙ a bakinmu, kamar alƙali, alƙalami, Alƙur'ani. Amma Larabawan Hijaz da Sudan da Libiya da Shuwa, a maganarsu ta yau da kullum g suke furta shi. To wadda ta zo mana da g, irin su bindiga da gahawa, daga bakin fatake da alhazai muka ji ta, ba daga littafi ba.

Wani abin mamaki kuma: a tsohon Larabci, ƙahwa ɗaya ne daga cikin sunayen giya. Ku riƙe wannan, don zai jawo rigima nan gaba.

Garinsu itacen

Asalin itacen gahawa ɗan Afirka ne. Yana fitowa da kansa a dazuzzukan kan tudu na kudu maso yammacin Habasha, yankin Kaffa da kewaye, a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Yana son tudu mai sanyi-sanyi da ruwan sama mai yawa. Abin da ke sauka a Konni cikin damina bai kai rabin buƙatarsa ba, shi ya sa ba za ku gan shi a fadamar Maggiya ba. Sai ya shekara ukku ko huɗu kafin ya fara haihuwa. Furensa fari ne mai ƙamshi, ƴaƴansa kamar na magarya, in sun nuna su yi ja, a cikin kowane akwai ƙwaya biyu. A Habasha buna ake ce mata, Larabawa kuma suna kiran ƙwayar bunn. Mutanen Oromo sun daɗe suna soya ƴaƴan da man shanu suna ci, wato kafin ta zama abin sha, abin tauna ce, kamar goro a wurinmu.

Wataƙila kun taɓa ganin labarin makiyayin da ya ga awakinsa suna tsalle-tsalle bayan sun ci jajayen ƴaƴan wani itace, har ake ba shi suna Kaldi. Labarin yana yawo sosai a intanet, yana da daɗin ji, amma tatsuniya ce. Wanda ya fara rubuta shi wani malamin Kirista ne ɗan asalin Labanan mai suna Naironi, a birnin Rum, a shekarar 1671, wato kusan shekara 200 bayan an riga an san gahawa a Yaman. Shaida ta farko da masana tarihi suka amince da ita ba a dajin awaki take ba, a zawiyoyin sufaye take.

Masu raya dare

Tsakanin Habasha da Yaman Bahar Maliya ce kawai, kuma a wajen mashigin Babul Mandab tazarar kaɗan ce. Jirage na kai da kawowa tun zamanin da. Ta nan bunn ya tsallaka.

Mafi yawan abin da aka sani game da farkon gahawa ya zo ne daga wani malami Bahambale mazaunin Masar, Abdulƙadir al-Jaziri, wanda ya wallafa littafi a wajajen 1558 mai suna Umdatus Safwa fi Hillil Ƙahwa, don kare halaccinta. Shi ne ya kawo labarin wani malamin Adan, Muhammad ɗan Sa'id az-Zabhani, wanda ya rasu a shekara ta 875 bayan Hijira, wato wajajen 1470. Malamin ya yi tafiya zuwa gaɓar Afirka, ya ga mutane suna amfani da ita. Da ya komo Adan ya kwanta rashin lafiya, sai ya tuna da ita, ya sha, ya ji sauƙi. Ya kuma lura tana korar kasala da gyangyaɗi. Daga nan shi da almajiransa suka riƙe ta don taimakon ibadar dare. Mutanen garin Mukha kuwa suna danganta ta ga waliyyin garinsu, Shehu Ali ɗan Umar ash-Shazili, wanda ya rayu a farkon ƙarni na 15. Ko wane ne ya riga, ruwayoyin sun haɗu a kan abu ukku: ƙasar Yaman ce, ƙarni na 15 ne, kuma ƴan ɗariƙa ne.

A Yaman ba ƙwayar kaɗai ake dafawa ba, har da busasshen ɓawon, wanda suke kira ƙishr, kuma har gobe suna shan sa da citta.

Al-Jaziri ya kawo bayanin yadda ake shan ta a unguwar Azhar ta Alƙahira a farkon ƙarni na 16, inda ɗaliban Yaman ke zaune. Daren Litinin da daren Juma'a sukan taru. Ana zuba gahawa a wata babbar kaskon jar ƙasa, shehin halƙa yana ɗiba da ƙaramin moɗa, yana miƙawa ta hannun dama, ana zagayawa, baki bai bar hailala ba. Wanda ya zo kallo ma akan ba shi ya sha. Kun ga ke nan ba don hira aka fara ta ba. Mutane ne da ke da aikin yi cikin dare, barci yana yi musu sata, suka samu abin da zai tsare musu ido.

Mene ne sirrin? Sai a 1819 wani Bajamushe mai suna Runge ya tace sinadarin da ke cikinta, wanda ake kira kafeyin. Bayaninsa a taƙaice: tun daga sa'ar da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan, shi ke yin sallama ya ce lokacin kwanciya ya yi. Kafeyin yakan je ya zauna a mazauninsa, ya hana a ji sallamar. Gajiyar ba ta tafi ko'ina ba, tana bakin ƙofa tana jira. Duk wanda ya yi karatun dare na jarrabawar bak ya san haka: barci bashi ne, gahawa ɗaga ranar biya kawai take yi.

Shari'ar Makka, 1511

Daga zawiya gahawa ta fita kasuwa. Sufayen nan da rana ƴan kasuwa ne da masu sana'a, suka kai ta gidajensu da shagunansu. Alhazai suka ɗanɗana, suka tafi da labari. Kafin a jima an buɗe wuraren sayar da ita a Makka, inda ake zama ana hira, ana dara, wani lokaci har da kiɗa.

A lokacin Makka tana ƙarƙashin sarakunan Mamaluka na Masar, kuma mai kula da hisba a garin wani basarake ne mai suna Kha'ir Beg. Wani dare cikin watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 917, wato Yunin 1511, yana komawa gida daga Harami bayan lisha, sai ya hangi wasu mutane a gefe da fitilu, suna zagaya kofi a tsakaninsu. Da suka gan shi suka kashe fitilun. Abin ya ba shi tsoro, don salon zagayawar ya yi kama da na mashaya. Ya tambaya, aka ce masa ƙahwa ce. Ku tuna ma'anar kalmar ta dā.

Washegari ya tara malaman mazhabobi. A nan ne darasin yake, don malaman sun raba tambayar gida biyu. Game da zaman da ake yi, in akwai abin ƙi a cikinsa, suka ce a hana. Game da ƙwayar kanta, suka ce tsiro ce kamar sauran tsirrai, asalinta halal, sai in an tabbatar tana cutar da jiki ko tana gusar da hankali, wannan kuwa aikin masana magani ne su faɗa. Aka kawo wasu likitoci biyu ƴan uwan juna, mutanen Farisa, suka ce tana da illa. Wasu daga cikin mahalarta suka ba da shaida cewa sun sha, hankalinsu ya jirkice. Wani babban mufti na Makka, Bashafi'e, ya ƙi yarda, ya tsaya a kan halal ce, ya sha zagi saboda haka. Aka dai yanke hukuncin hani, aka yi shela a gari, aka ƙone buhunan bunn a titi, aka hori masu sayarwa.

Sai aka aika da takarda Alƙahira, fadar Sarki Ƙansuh al-Ghauri, don a tabbatar da hukuncin. Amsar da ta komo ta goyi bayan hana tarukan da ake kwaikwayon mashaya, amma ba ta haramta ita kanta gahawar ba. Ba a daɗe ba aka sauke Kha'ir Beg daga muƙaminsa, mutane suka koma shan abinsu a fili.

Alƙalin da ya gwada da kansa

Rigimar ba ta ƙare a nan ba. A Alƙahira wani malamin Azhar mai wa'azi, Ahmad ɗan Abdulhaƙƙ as-Sunbaɗi, ya ba da fatawar haramci. A wajajen 1534, bayan wani wa'azi mai zafi, jama'a suka fita suka auka wa shagunan gahawa, suka farfasa tukwane da kofuna, suka daki mutane. Gari ya rabu biyu, masu cewa halal da masu cewa haram.

Maganar ta je gaban alƙali Muhammad ɗan Ilyas, Bahanafe. Abin da ya yi, wallahi ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe shi. Ya tambayi malamai. Sannan ya sa aka dafa gahawa a gidansa, ya tara mutane ya ba su suka sha, ya zauna yana zance da su kusan wuni guda yana lura da maganarsu da hankalinsu. Bai ga wanda ya yi maye ba, bai ga wanda harshensa ya karye ba. Sai ya bar ta a kan halaccinta. Gani ya kori ji.

Ba ina cewa waɗanda suka hana mugayen mutane ne ba. Sun ga baƙon abu mai sunan giya, ana zagaya shi kamar giya, a wuraren da wasu ke shagala har sallah ta wuce su. Tsoronsu yana da dalili. Amma waɗanda suka yi gaskiya a ƙarshe su ne waɗanda ba su tsaya ga suna ko kama ba, suka bincika abin da yake yi wa hankali, suka kuma bambanta abin sha da majalisar da ake shan sa.

Yadda ta gewaye duniya

Turkawa Usmaniyawa sun ci Masar a 1517, gahawa kuma ta bi hanyoyin daularsu zuwa Sham. Marubucin tarihinsu Pecevi ya ce a wajajen 1555 wasu mutum biyu, Hakam daga Halab da Shams daga Dimashƙa, suka buɗe gidajen gahawa na farko a Santambul, a unguwar Tahtakale. Nan da nan suka cika da masu karatu, mawaƙa, masu dara, da ma'aikatan da ke jiran a ba su muƙami. Limamai suka koka cewa gidajen gahawa sun fi masallatai cika. Wasu malamai suka kawo sabuwar hujja, cewa ana soya ƙwayar har ta zama gawayi, cin gawayi kuwa bai halatta ba. Amma abin da ya fi damun masu mulki shi ne zancen da ake yi a wurin. Sarki Murad na Huɗu ya rufe su a 1633 da hukunci mai tsanani, duk da haka suka sake buɗewa. A Ingila ma, inda aka buɗe na farkon birnin Landan a 1652, Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe su a ƙarshen 1675, ya janye cikin ƴan kwanaki. Ko'ina dai, wurin da talakawa ke zama ido biyu suna magana ba ya yi wa sarakuna daɗi.

Kusan shekara 200 Yaman ce ke ciyar da kasuwar duniya. Ana noma ta a gonakin da aka sassaƙa a jikin duwatsu hawa-hawa, raƙuma su sauko da ita kasuwar Baitul Faƙih, daga nan a kai tashoshin jiragen ruwa irin su Mukha. Sunan garin nan ne ya zama moka da kuke gani a jikin gwangwani.

Daga baya iri ya fita. A Indiya ana ba da labarin wani sufi, Baba Budan, da ya komo daga Hajji da ƙwaya bakwai ya shuka a duwatsun Chikmagalur. Mutanen Holan suka dasa ta a tsibirin Jawa na Indunusiya a ƙarshen ƙarni na 17. A 1714 birnin Amsterdam ya ba Sarkin Faransa Louis na 14 kyautar itace guda, kuma cikin shekarun 1720 Faransawa suka kai ta tsibirin Martinik. A 1727 ta shiga Barazil, wadda har yau ita ce ta ɗaya a duniya wajen noman ta.

Nan labarin ya yi ɗaci fiye da gahawar kanta. Wa ya yi noman a can? Bayi ne da aka kwasa daga Afirka. Kafin 1790, yankin mulkin Faransa da ake kira Haiti a yau shi kaɗai yana fitar da kusan rabin gahawar duniya, da gumin bayi, har suka yi tawaye a 1791. Barazil kuwa ba ta soke bauta ba sai 1888. Itacen Afirka, da hannun ƴan Afirka, riba ta tafi wani wuri.

To mu fa, ina muke?

Mai karatu zai ce: tunda alhazanmu sun daɗe suna zuwa Makka, me ya sa gahawa ba ta kama ƙasar Hausa tun da wuri ba? A ganina amsar tana cikin aljihun kakanninmu: goro. Littafin Tarihin Kano ya nuna a ƙarni na 15 aka buɗe hanyar Gwanja, goro ya soma yawaita a ƙasar Hausa. Wato a ƙarnin da sufayen Yaman suka samu gahawa, a cikinsa mu muka samu goro, kuma sinadarin kafeyin ɗin nan shi ne a cikin su duka biyu. Matafiyan Turawa na ƙarni na 19 sun rubuta cewa Larabawan da ke fatauci zuwa Kano da Barno suna kiran goro gahawar Sudan. Malami mai darasun dare da goronsa, baƙo a tarbe shi da goro, ɗaurin aure da suna sai da goro. Gurbin ya riga ya cika.

Gahawa ta zauna a matsayin abin alhazai da Larabawan gari. Hausawan da suka bi hanyar gabas da ƙafa, irin waɗanda suka zauna a Mai Wurno a bakin Kogin Nil bayan yaƙin Burmi na 1903, su sun iske ta a Sudan, inda ake dafa ta da citta a ƴar tukunyar ƙasa da ake kira jabana. Bayan goro sai shayi ya zo, ganyen ƙasar Sin da ya biyo ta Maroko da Sahara a hannun Larabawa da Buzaye, da ƴar butarsa da zubinsa ukku. Shi ne ya zama sarkin fada.

Kafe na gari da muke sha yau, hanyarsa ta kudu ce. Akwai wani nau'in itacen da ake kira robusta, ɗan dazuzzukan Afirka ta tsakiya da ta yamma, mai jure zafi, wanda ya fi na Habasha ɗaci da yawan kafeyin. Shi Faransawa suka yaɗa nomansa a Kodibuwa, kuma shi aka fi sarrafawa a yi garin da ke narkewa a ruwan zafi. Nescafé ya fito a Suwis a 1938, daga baya aka kafa masana'antarsa a Abijan. Ku kuma kun san mutanen Adar da tafiya Abijan. Da wuya ka samu zuri'ar da ba ta da wanda ya je. A can har ana kiran masu teburin kafe na bakin titi da suna aboki, saboda Hausawa ne suka shahara da sana'ar. Ke nan ƙwayar da ta bar Afirka ta gabas ta komo mana ta kudu, kuma iyayenmu da yayyenmu na cikin masu zuba ta.

Abin da ke cikin kofin yau

Ƴan uwa, ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan tarihi. Shekarar da muke shirin bak, mu biyar muke karatun dare a zaure guda, da kafe da shayi. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya fi mu duka ƙoƙari a lissafi, ya soma jefa wata ƙwaya a kofinsa. Ya ce kafe kawai ba ya riƙe shi, wai wannan na ƙara ƙarfi. Taramol ne. Mun gani, mun yi shiru, muna ganin ba ruwanmu. Daga ɗaya ya koma biyu, daga biyu ban san iyaka ba. Wata rana ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, muka kwashe shi zuwa likita. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma shekarar nan ta wuce shi. Har yau in na tuna shirun da muka yi, kunya nake ji.

Kun san ba shi kaɗai ba ne. Akwai shi a cikin ƴan kabu-kabu, akwai a masu aikin albasa da masu lodi, akwai a ɗalibai. Taramol maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa da awo; in an sha shi ba bisa ƙa'ida ba yana kama mutum ya kasa bari, yana kawo suma da karkarwa, yana iya kisa. Kuma sau da yawa a cikin kofin kafe yake ɓuya, a ce ai kafe ne kawai.

A Makka a 1511 an zargi abin sha mai tsabta saboda yana ɗauke da sunan giya. Mu yau namu ya juye: abin da ke gusar da hankali ne ya samu mafaka a ƙarƙashin suna mai tsabta. Maganin kuwa bai sake ba, shi ne na alƙali ɗan Ilyas: kar a tsaya ga suna, a dubi abin da ke ciki da abin da yake yi wa mai sha. In da za a zaunar da mai taramol gaban alƙalin nan wuni guda, kun san hukuncin da zai fito.

Sai tambaya ta biyu, ta majalisa. Ba wanda ya ce fada haram ce. A fada ake jin labarin aiki, a fada ake haɗa kuɗin taimakon wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa, a fada da yawanmu suka fara jin kiran wannan ƙungiya. Amma mutanen Yaman sun hana idonsu barci ne don suna da abin yi da daren. Kowannenmu ya tambayi kansa: ni da nake kaiwa ƙarfe biyu ina jiran zubi na ukku, mi na samu? Asuba ta same ni a sahu ko a kan tabarma? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Shawarata ƙarama ce. Kowace fada da ke da ɗan ƙungiya a cikinta, a ware ko minti 20 kafin zubi na biyu, wani ya karanta wani abu mai amfani, fiƙihu ne, tarihi ne, ko darasin lakol ga ƙannenmu. A sa lokacin tashi, a kiyaye shi. In kuma ka ga ɗan uwanka yana jefa wani abu a kofi, kar ka yi irin shirun da muka yi, kar kuma ka tona shi a bainar jama'a. Ka ja shi gefe, ka yi masa magana, ka raka shi wurin likita, don barin ƙwayar nan farat ɗaya ba tare da taimako ba yana da wuya.

Gobe da safe in mai shayi ya miƙo maka kofi, ka yi bismilla, ka tuna da mutanen Adan da Mukha da suka fara dafa shi don su samu ƙarfin ambaton Allah.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ina neman afuwarku. Allah Ya yi wa wannan ƙungiya albarka, Ya jiƙan waɗanda suka kafa ta da suka riga mu gidan gaskiya, Ya tsare mana hankulanmu da na ƙannenmu. Amin.